Ɗorin Wardi

Alhaji Badaru ya durƙusa a bayan gidansa na unguwar Catford, can ƙasar Turawa, yana yi wa reshen wardi ɗori. Ya tsaga sanduna biyu, ya haɗa karayar, ya naɗe da tsohon kallabin matarsa Mero. Dusar ƙanƙarar bana ta danne shukokin har sun tsage, rassan sun yi baƙi.

Mero ce ta dasa su shekarar da kwangilolin Legas suka saya masa gidan. Yanzu tana kwance a asibiti. Ciwon sukari ya ci ƙafarta ta hagu, likita ya ce in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba, ruɓar za ta haura ta kashe ta. Mero ta ce sai abin da Alhaji ya ce. Alhaji kuwa ya kafe. A cike ya kawo matarsa, a cike zai mayar da ita Kano. Taurin kai ne, amma shi ƙauna yake kiransa.

"Sannu da aiki, sarkin ɗori!"

Eunice ce, maƙwabciyarsa mutuniyar Jos, ta leƙo ta kan shinge.

"Ki yi dariyarki. Zai kama."

"Ba zai kama ba, Alhaji. Gawa ka ɗaura wa kallabi. Kankare bayan reshen da farce ka gani."

Ya kankare. Cikin ya bushe, launin ƙasa.

"Sauka ƙasa."

Ya sauka. Haka dai. Ya ƙara sauka, sai kusa da gindi farcensa ya tono kore shar, mai danshi.

"Nan za ka yanke," ta ce, ta miƙo masa almakashin lambu. "In ka bar mataccen, zai ja mai ran su tafi tare."

"In ta dawo ta tarar da kututture fa? Me zan ce mata?"

"Ka ce mata yana da rai."

Badaru ya daɗe riƙe da almakashin. Jiya da ya shiga wurinta, Mero ta ja bargo ta rufe ƙafar, ta tambaye shi ko shukokinta sun sha da kyar. Sai yanzu ya gane ba wuƙar likita take tsoro ba. Fuskarsa take dubawa.

Ya kwance kallabin a hankali, ya yanke reshen. Bakin yankan fari tas, ruwa na tsattsafowa. Ya bi sauran, har lambun ya koma guntayen sanduna a cikin laka.

"Muni kam ya yi," in ji shi.

"Ka jira watan shida."

Ya wanke kallabin a famfo, ya matse, ya cusa a aljihun kwat da danshinsa.

"Eunice, wace bas ce ta fi saurin kai mutum asibitin?"