Injin da Aka Hana Juma'arsa

Kwana huɗu ke nan babu wuta a Wadi Bawanis, tumatirin Kalla duk ya sunkuyar da kai. Gonar ta wani Balarabe ce, amma kashi ɗaya cikin uku na amfanin na Kalla ne, da shi kuma yake fatan komawa Damagaram bayan shekara biyar. Ruwa na nan a tafkin siminti, sai dai babban famfo ba ya motsi sai da wuta. Saura ƙaramin injin fetur da ke cikin rumfa.

Baba Rabo, wanda ya riƙe gonar kafin ya koma Tamanhint, ya bar masa wasiyya: kowace Juma'a a tayar da injin minti goma, a juye baƙin mai in ya yi kauri, kada fetur ya tsufa a cikinsa. Kalla ya yi Juma'a uku ya watsar. Man da sai ka yini a layi a Sabha, wa zai ƙona shi a banza?

Tun hantsi Kalla yake jan igiyar tayar da shi har tafinsa ya yi bororo ya fashe, injin ko tari bai yi ba. Dole ya kira tsohon a waya. Da azahar sai ga shi a bayan motar harawa, rungume da 'yar jarkar fetur.

Rabo ya buɗe tanki ya shinshina. "Kalla, wata nawa rabonka da shi?"

"Bakwai, Baba."

"Bakwai! Jakinka ma in ka ɗaure shi wata bakwai, sai ya tashi ya yi maka rawa?"

"Baba, ku zage ni gobe. Yau ku dubi shukar nan."

Suka zubar da ruɓaɓɓen fetur ɗin, suka zuba na jarkar. Baƙin mai ya fito kamar maɗi, suka sa sabon da ke ajiye ba a ko buɗe ba. Rabo ya kankare buji, wato filogi, ya kwance kafireta, ya zaro silin waya yana tsokacin ƙofar da ta toshe. A ja na tara injin ya kama, ya mutu. Ya sake kamawa, amma ba ya ɗorewa sai in an rufe rabin bakin iskarsa da hannu.

"Zauna ka riƙe," in ji Rabo. "Ka ɗaga, ya mutu."

Kalla ya durƙusa ya ɗora fasasshen tafinsa, ƙarfe na ƙara zafi. Ruwa ya taso a tiyo.

Rabo ya girgiza jarkar, ya saɓa fartanya. "Man nan ba zai kai gonar duka ba. Rabi kawai. Gabas ko yamma?"

Gabas ya fi 'ya'ya, amma ya fi galabaita. Yamma fure ne kawai, da sauran kuzarinsa. Kalla ya dubi nan, ya dubi can.

"Yi magana, mai na ƙonewa!"

"Yamma," in ji Kalla. Ya juya wa gabas baya, ya ƙara danna hannunsa.