Nono Ɗaya Muka Sha

Nas ta ɗaura wa Ummul-Khairi ruwan, ta ɗan ɗalli robar da yatsa, maganin ya fara ɗiga. Ƙanwarta Latifa tana kan benci a gefe, ta dafe bayanta da hannu ɗaya, idonta a kan ɗigon kamar mai kallon tuwon maƙwabta.

Su biyu ne 'ya'ya mata a gidan Malam Dattijo mai Islamiyya a Kura, kuma sankarar mama ta kama su a shekara guda, babbar da damina, ƙaramar da rani. Tare aka yi musu aiki a Kano, tare suka sha azabar kemo, ƙarin ruwan kashe ƙwayoyin ciwon, har sukan yi wa juna tsiya a kan wa ta fi wata amai. Sakamakon gwajin tsokar da aka cire ne ya raba su. Aka ɗora Ummul-Khairi a kan wani sabon magani, Latifa kuwa aka ce ta ci gaba da tsohon.

Yanzu ga Ummul-Khairi ta murmure, kumatu sun dawo, har ta koma turara shinkafa tana kaiwa injin casa. Ita kuwa Latifa, hoton da aka ɗauke ta ya nuna ciwon ya gangara ƙashin baya.

"Latifa, ɗauki gurasar nan ki ci mana," in ji Ummul-Khairi.

"Na ƙoshi, Yaya."

"Me kika ci?"

"Na ce na ƙoshi."

Da aka kira Latifa ofishin Dakta Sammani, ba ta bari ya gama duba hoton ba.

"Likita, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Nono ɗaya muka sha. Ciwon ma duk a na hagu ya fito mana. Me ya sa ita za a ba ta, ni a hana ni?"

Ya cire tabarau ya ajiye. "Malama Latifa, ba hana ki aka yi ba. Sunan ciwon ɗaya ne, amma iri-iri ne. Na yayarki yana da wata alama a jikin ƙwayoyinsa, ita maganin yake bi ya kama. Naki ba shi da ita."

"A sake gwadawa."

"Mun sake. Ko na ɗaura miki, ba abin da zai samu ya kama, sai dai ya wahalar miki da zuciya. Za mu canza miki kemo, a kuma gasa ƙashin da na'ura don zafin ya ragu. Ba mu sallama ba, ke ma kar ki sallama."

Ta ce to. Ba ta yi godiya ba.

A motar komawa ta juya fuska ga taga. Ruwa ya cika kanal, kwandunan tumatir jere a bakin titi, masu dashen shinkafa sun duƙa cikin laka. Wata fasinja 'yar unguwarsu ta leƙo daga baya.

"Ummul-Khairi, ke ce haka? Tubarkalla, kamar amarya!" Sai ta waiwayi Latifa, ta yi ƙasa da murya. "Sannu, kin ji? Allah ya sa kaffara ne."

Latifa ta mayar da fuska ga taga. Ta ji zuciyarta ta ce da ma gwajin ya juya, da ma ita ake wa tubarkalla. Ta yi a'uzubillahi a ɓoye, amma tunanin bai tafi ba.

Bayan la'asar Ummul-Khairi ta same ta a ɗakin mahaifiyarsu, inda take jinya, ta zauna a bakin katifa.

"Na roƙi likita ya raba mana ruwan nan biyu. Ya ƙi."

"Wa ya aike ki?"

"Haushina kike ji, Latifa."

"Eh, ina ji." Ta ɗago ta dube ta. "In na gan ki kina cin abinci, ji nake kamar in kifar da kwanon. Na san ba ke kika zaɓa ba. Na sani, Yaya. Amma ina ji."

Ummul-Khairi ta murza bakin zaninta.

"To bari in gama miki laifin gaba ɗaya," ta ce. Ta kai hannu ta zame ɗankwali.

Gashi ne, baƙi wuluk, a cike, ya kai tsawon yatsa.

"Tun kafin azumi nake ɓoye miki. In zan zo gidan nan har hula nake sawa a ciki. Na gaji."

Latifa ta ƙura wa kan ido. Ita ce take yi wa yayarta kitso tun suna 'yammata, ta san kowace tsaga a kan nan. Nata kan kuwa a ƙarƙashin hijabi sumul yake kamar ƙwarya.

"Wa ya yi miki kitso?"

"Ba kowa. Na kasa kai wa wata."

Latifa ta yunƙura ta tashi zaune, tana cije leɓe.

"Sauko ƙasa. Miƙo min matashin can da kibiya."

"Bayanki fa?"

"Bayana nawa ne. Zauna."

Ummul-Khairi ta zauna tsakanin ƙafafunta. Latifa ta tsaga gashin, ta kama tushen farko, ta ja.

"Wash! Latifa, a hankali mana."

"Mai gashi ai ita take jin zafin kitso," in ji Latifa.

Ba ta sassauta ba. Ta kama na biyu.