Jami'ar Kusa da Gida

Mai Walda bai san abin da ake nufi da falsafa ba, kuma bai ɓoye ba. Da autarsa ta ce ita za ta karanta, ya yi dariya ya ce tun tana ƙarama ta addabi gidan da "don me", gara ta je inda ake ba da digiri a kai.

Rigimar a kan inda za ta yi karatun ta tashi. Jami'o'i biyu suka ɗauke ta: ɗaya a cikin gari, mota ɗaya daga ƙofar gidansu, ɗayar kuma can wata uwa duniya, tafiyar yini guda. Auta ta fi son ta nesa, wai malamansu sun fi yawa. Shi kuwa ya kafe a kan ta kusa, don idonsa ya riƙa ganin 'yarsa. Uwarta ce ta raba gardama, ta ce su je su ga ta kusan da idonsu kafin a ci gaba da ɗaga mata murya a gida.

Da hantsi ya rufe shago, ya sa rigar da tartsatsin wuta bai huda ba, suka tafi. Tun daga bakin ƙofa suka tarar da ɗalibai cike da fili suna zanga-zanga, wai an kori wasu 'yan uwansu ba gaira ba dalili. Mai gadi ya ce kada su damu, rana na yin zafi za su watse.

Sashen falsafa a saman bene yake. Wata malama siririya mai tabarau ta karɓe su a ofishinta, ta ba shi kujerar ƙarfe ya zauna. Tana cikin yi wa Auta bayanin darussan shekarar farko sai dutse ya tarwatsa gilashin taga ya dira a kan tebur.

Mai Walda ya leƙa ƙasa. Motoci a-kori-kura sun shigo filin, ƙarti suna dirowa da gorori da sarƙoƙi, fuskokinsu a rufe, suna dukan kan mai uwa da wabi. Ya ga an ja wata yarinya a ƙasa kamar buhu. Ya ga wani ya faɗi, mutum uku sun rufe shi da duka har ya daina kare kansa. Ɗalibai suka yo cikin bene suna tattake juna, ana jin ƙofofin ofisoshi suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Malamar ta buɗe tata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jawo duk wanda hannunta ya kai. Ta shigar da 'yan mata biyu ke nan wani ƙato ya biyo su, ya maka mata gora a fuska. Tabarau ya fashe, ta zube jini na bin wuyanta. Ƙaton ya tsallake ta ya cafki hannun Auta.

Mai Walda bai san lokacin da ya ɗaga kujerar ba. Ya rafka masa a kafaɗa, ya ƙara, kujerar ta ɓalle, ƙafarta ɗaya ta rage a hannunsa. Ƙaton ya saki yarinyar ya fice yana jan hannu, yana rantsuwar zai dawo da 'yan uwansa.

Sakatar ƙofar ta riga ta karye. Mai Walda ya tura 'yan matan bayan tebur, ya laɓe a gefen ƙofa da ƙarfen a sama. Ya ji takun gudu yana matsowa. Ƙofa ta bugu, mutum ya faɗo ciki, shi kuwa ya sauke ƙarfen da duk ƙarfin hannun da ya saba da guduma.

"Baba, ɗalibi ne!"

Muryar Auta ta zo a makare. Saurayi ne ramamme, jakar littattafai a bayansa, takalmi a ƙafa ɗaya. Yana kwance yana shure-shure, jini na fita ta kunnensa.

Kafin 'yan sanda su iso ƙartin sun ɓace. Mai Walda ya goya saurayin ya sauko da shi, yana taka fasassun gilasai, har ya samu motar da ta kai su asibiti. A can kowa ya ɗauka 'yan daba ne suka yi aikin. Da uwar saurayin ta iso aka nuna mata wanda ya goyo ɗanta, ta durƙusa tana sa masa albarka. Auta na tsaye jikin bango tana kallonsa.

Ya ce, "Baiwar Allah, tashi. Ni na buge shi."

Ta miƙe a hankali, ta kwaɗa masa mari, ta ƙara, ta shaƙe shi da wuyan riga har sai da ma'aikatan jinya suka ɓamɓare ta. Bai ɗaga hannu ba.

Saurayin ya rayu, amma muƙamuƙinsa ya karye, kunnen hagu ya mutu. Malamar, da ɗinki a kumatu, ta faɗa wa 'yan sandan da suka tsare Mai Walda yadda abin ya faru, aka sake shi.

A gida gardama ta sake tashi, sai dai yanzu shi ne ke cewa ta tafi nesa, ko bangon duniya ne, kada ƙafarta ta ƙara taka wannan benen. Ya buga tebur, ya yi rantsuwa. Auta ta bari ya gama.

Ta ce, "Baba, kowa ya rufe ƙofarsa, ita ta buɗe. A wurinta zan yi karatu."

Ta fara zuwa aji bayan an sake buɗe makarantar. Shi kuwa duk ranar da likita ya sa, sai ya rufe shago ya je ya ɗauki saurayin a babur zuwa asibiti. Uwar saurayin ba ta amsa gaisuwarsa. Saurayin yakan hau baya ya riƙe ƙarfen babur maimakon ya riƙe shi, haka za su je su dawo.