Tana a Fangalin Khamphan

Kwalbar ba ta wuce tsawon tafin hannu biyu ba, da hoton ganye kore shar a jikinta, amma ita ta hana Khamphan sakat tun bazara. A rumbun shinkafa yake ɓoye ta, cikin wani tsohon takalmin roba. Ko kare ya yi haushi a bakin hanya sai gabansa ya faɗi.

Khamphan dattijo ne mai shekara sittin ba biyu, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Phu Phan. Fangali huɗu na wiwi gare shi a bayan gida, ƙarƙashin rumfar leda, irin nan mai dogon kai kamar jelar kurege, wanda uwarsu takan tsinki ganyensa ta jefa a farfesun kaza tun suna yara. Da doka ta halatta noman wiwi, gidaje bakwai suka haɗa ƙungiya suna noma wa wani asibitin maganin gargajiya a birni. Sharaɗin asibitin ɗaya ne: ƙasa mai rai, wato kashin ɓauna da ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen ganye, ban da takin zamani ko ɗigo. Takardar shaida kuwa guda ce tal ga gidajen bakwai. Gida ɗaya ya yi ha'inci, ta kowa ta tafi.

Shugabar ƙungiyar ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, Buaphan, mace gajeruwa da ba a kawo mata wargi. Bara ta kori ƙanin mijinta daga ƙungiyar saboda ya fesa maganin ciyawa a gindin shinge, har yau dangin mijin ba sa amsa gaisuwarta. Ita ta kafa musu al'adar zagaye: su bi gida gida, kowa ya cusa hannu cikin fangalin ɗan'uwansa har wuyan hannu, ya damƙo ƙasa, ya sansana, ya ƙirga tanar da ke ciki. Wanda tanar ba ta kai uku ba a dunƙulensa, ranar ya shiga uku da tsiya.

To, abin da ya faru da bazara shi ne zafi ya yi zafi, ganyen Khamphan ya fara rawaya daga ƙasa. Ya riga ya sayar da ɓaunarsa ta huɗa saboda ciwon gwiwa, takin da ya samo a wajen wani kuma ɗanye ne, bai ruɓe ba. Ranar da ya je birni karɓar maganin gwiwar, ƙafarsa ta kai shi wani shagon kayan noma.

"Kawu, murfi biyu a bokiti, shi ke nan," in ji yarinyar shagon, tana miƙo masa kwalbar.

"Na gargajiya ne?"

Ta nuna masa hoton ganyen da yatsa, ta ci gaba da danna wayarta. Kada ma wani ya ce an yaudare shi. Ya sani sarai, mutumin da ya shekara arba'in yana noma ai ya san warin takin zamani ko a cikin kwalbar turare aka zuba shi. Ya saye ta, yana cewa sau ɗaya ne kawai, tsirran su farfaɗo, ya jefar da ita.

Kwana huɗu ganye ya yi kore har yana ƙyalli. Ya daina zubawa. Bayan mako guda tsirran suka koma rawaya, fiye da da ma, suka langaɓe. Ya sake zubawa, suka miƙe. Ya sake dainawa, suka kwanta. Kai, tsiron nan ya koyi cin abinci a baki, saiwarsa ta daina neman komai a ƙasa. Da aka shiga dashen shinkafa aka dakatar da zagaye, kowa na ta kansa, shi kuma ya ci gaba. Yanzu ga damina ta ja baya, wiwi ya fara fitar da kai, kwalba ta biyar ke cikin takalmin.

Ƙasar ce ta fi ba shi tsoro. Da, in ya tona, baƙa ce wuluk, mai laushi, tana ƙamshin daji bayan ruwa. Yanzu ta yi tauri, ga wani farin ɓawo a samanta da yake kankarewa da cokali ya rufe da bambaro. Ya tona fangali huɗun nan kusurwa kusurwa, tana ko ɗaya bai gani ba. Ya ji kunya, ya ji haushin kansa, amma da yamma ta yi sai ya ɗauko bokiti.

Ana jibi zagaye Buaphan ta shigo da kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo a kwando. Suka zauna a gadon gora ƙarƙashin ɗakin, wanda aka gina bisa ginshiƙai. Ya ƙudura yau zai faɗa mata, har ya share murya.

"Yaya, wannan karon da jami'ar asibiti za mu zo," ta riga shi. "Sabunta takarda za a yi. Da gidanka za mu fara, naka ya fi na kowa kyau. In ta ga naka, ko ta ga na Lamduan da ya ƙanjame ba za ta tsananta ba. Baiwar Allahn nan tun da mijinta ya rasu fangalin nan ne cinta da shanta, ga jikoki uku."

"Haba, ki fara da na wani mana."

"Ji shi, wai kunya! Tsufa ya zo maka da sabon salo. Me za ka ce ɗazu?"

"Barkono ya yi yawa," ya ce. Ta yi dariya ta ƙara masa shinkafa.

Jajibirin ranar ya tsaya yana kallon ganyen da ya fara sunkuyawa. In ya bar su haka, gobe za a tambaye shi dalili. Ya zuba musu, har da ƙarin murfi ɗaya don su tsaya da kyau.

Gari na wayewa ya ɗauki fartanya ya nufi gindin ayaba, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Nan kam ga tana nan kamar a kwashe da ƙwarya. Ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo, ya tsince su ɗaya ɗaya har suka rufe gindin bokiti, ya kai su fangali, ya yi ramuka da yatsa ya binne, ya mayar da bambaro. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya sa riga mai tsabta.

Da hantsi suka iso a kan babura, mutum shida da jami'ar, wata matashiya mai tabarau da ake kira Wanphen. Maƙwabcinsa Thongsuk, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya fara cusa hannu.

"Tabɗi! Ɗaya, biyu, huɗu, bakwai! Kai tsoho, wiwi kake nomawa ko taliya? Faɗa mana gaskiya, waƙa kake musu da safe?"

Aka kwashe da dariya. Wanphen ta ɗauki hoto, ta bi tsirran tana ƙirgawa tana rubutawa, arba'in da takwas cif. Khamphan na murmushi, rigarsa ta manne masa a baya don gumi.

Buaphan ba ta cikin masu dariyar. Ta zagaya ta can ƙarshen rumfar, inda fangali na huɗu ya haɗu da daɓen siminti, ta tsaya cak. Khamphan ya bi idonta. Tanar da ya binne ce ke fitowa daga ƙarƙashin bambaro, suna haurowa kan bulo suna faɗowa kan simintin da rana ta gasa. Sun fi ashirin, wasu na murɗewa, wasu sun riga sun sandare, tururuwa ta fara taruwa. Tana ba ta barin inuwa da danshi ta fito rana tsaka sai in ƙasar ce ke ƙona ta, wannan ko yaron goye a ƙauyen ya sani.

Ta tsuguna ta cusa hannu can ƙasa, ta damƙo, ta sansana. Sannan ta ɗan taɓa a harshe, ta ji gishirin takin zamani. Ta ɗago ta dube shi. Bai iya kau da kai ba.

"Shugaba, akwai wani abu ne a can?" in ji Wanphen, ta nufo wajen da takarda a hannu.

Akwai damin bambaro jingine da ginshiƙin rumfa. Buaphan ta ja shi ta yar a kan simintin, ta hau kai ta tsaya.

"Babu komai, 'yata. Bambaro ne ya zube. Kawo in sa hannu."

Ta sa hannu a tsaye a wurin. Thongsuk ya ce a tafi gidan Lamduan kafin rana ta narkar da shi. Buaphan ta ce su yi gaba, za ta sha ruwa ta biyo su.

Da ƙarar babura ta yi nisa ta sauka daga kan damin.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Ranar da na kawo maka kwaɗo, kana sane."

"Ina sane. Bua, bari in tuge su yau ɗin nan. In bi yarinyar in faɗa mata ni kaɗai na yi, ba ruwan kowa."

"Ka faɗa mata me? Sunan wa ke jikin takardar yanzu? A gabanta na tsaya na ce babu komai!" Hawaye suka zubo mata. Bai taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar uwarsu. "Na kori ƙanin mijina a kan bakin shinge. Bakin shinge, Yaya! Yau ga ni a kan dami kamar ɓarauniya."

Ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Ta share fuska da gefen zane. "Sati nawa ya rage a girbe?"

"Shida."

"In ka daina zubawa?"

"Ba za su kai ba."

"Ta ƙirga arba'in da takwas. In suka mutu za su turo a auna ƙasar, su auna ta kowa." Ta kalli koren ganyen nan da tsana. "Kwalbar da ke hannunka za ta kai sati shida?"

"Ba za ta kai biyu ba."

"To kada ka koma shagon nan, an san fuskarka. Ni zan je wani gari in sayo."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta wanke ƙasar da ke hannunta a randa, ta hau babur, ta bi sauran zuwa gidan Lamduan, inda ake jiranta ta duba fangali ta faɗi ko ya cika sharaɗi.