Ranar da Na Yaye Labulen Baffa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin likita a Dutse, shida daga ciki ina jan ɗaliban likitanci daga gado zuwa gado. Ni Raihana masifaffiya ce, na sani, ba sai an gaya min ba. Ɗalibi ya kuskura ya ce min "an ce cikinsa na ciwo", sai in wanke shi tas. Wa ya ce? Kai hannunka ado ne?

Wata Talata muna zagayen safe a ɗakin maza, sai ga mijina Abdulrauf a birkice. Mahaifinsa aka kawo daga Miga, kwana tara yana zazzaɓi. Baffa Bafulatani ne na gaske, har lokacin yana tare da shanunsa. Tunda na auri ɗansa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wajen. Ko sunansa da ke jikin kati ban iya karanta wa ɗalibai ba.

Abin haushi, ni kaɗai ce babbar likita a ɓangaren. Abokin aikina ya tattara ya tafi Saudiyya shekara guda kafin nan, ba a kawo madadinsa ba.

"Maman Mashkura, ki rufa mana asiri," Abdulrauf ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya ce in ke za ki duba shi, a mayar da shi gida."

Sai na sa aka ja labule na tsaya a baya, na tura Haisam, ɗalibin ajin ƙarshe, ya zama hannuna.

"Danna gefen dama a hankali," na ce. "Ka tambaye shi."

"Baba, da ciwo a nan?"

"Babu, ɗana. Alhamdu lillahi."

"Ƙasan cibiya fa?"

"Lafiya lau."

Haisam ya leƙo yana zare ido. "Dakta, ya ce babu ciwo. Kamar dai cikin da ɗan tauri, amma ban tabbata ba."

A nan na gane ramin da na faɗa. Baffa ya san ina tsaye ina ji, kuma ko yanka shi ake ba zai yi nishi a kunnen surukarsa ba. In na fita wataƙila ya faɗi gaskiya, amma in bar shi da wa? Da wanda bai taɓa ɗora hannu a kan hujajjen hanji ba? In kuma na tsaya, haka zai yi ta cewa lafiya lau har rai ya yi halinsa. Takaici ya cika ni, ga ɗalibai takwas sun zuba min ido. Na sunkuyar da kai, sai na hango ƙafarsa ta gefen labulen. Duk dannawar da Haisam zai yi, yatsun sai sun ƙanƙame.

Na yaye labulen.

Baffa yana kwance, riga a ɗage har ƙirji. Ya fizgo mayafi ya rufe fuskarsa. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni," na ɗora hannu. Cikin kamar katako. Taifot ne ya huda hanji. Na kira likitocin tiyata, kafin azahar an shiga da shi, kuma Allah ya tashe shi.

Daga ranar bai sake yarda mun haɗu ba. Da aka sallame shi, sai da ya tabbatar ina aji sannan ya fita. In na je Miga gaisuwar Salla, a ce min ya bi shanu. Abdulrauf bai taɓa ganin laifina ba, amma bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya, wannan shirun kuwa ya fi zagi ci min rai.

Daminar bana ƙafafun Baffa suka kumbura, ya kasa kwanciya sai a jingine. Tun a waya na san zuciya ce, ciwon da nake dubawa kowace safiya. Aka ce a kawo shi Dutse ya ƙi. Aka ce Kano, ya ce shi da gadon asibiti har abada, an gama ganin abin da za a gani. Na aika magani, amma yaya zan daidaita shi ga ƙirjin da ban saurara ba? Na ɗauki jakata na tafi Miga da kaina, na zauna a mota a ƙofar gida tun hantsi har la'asar. Daga ƙarshe Inna, matarsa, ta fito.

"Ya ce ya gode, Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Ya ce ki koma bakin aikinki."

Ranar Juma'a ya rasu. Bayan addu'ar uku na koma zagaye da ɗalibaina. A gado na huɗu akwai wani dattijo daga Taura, sa'an Baffa, da irin ciwonsa sak, kwana shida ina duba shi. Na saurari ƙirjinsa, na sa hannu a takardar sallama, ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa.