Atishawa Biyu

"Iya, yaron ya yi kuka ko bai yi ba?" in ji alƙali.

Shekara arba'in ina yankan cibi a Talata Mafara, ba wanda yat taɓa yi mani wagga tambaya. Ga Taibatu gefena, nono na jiƙa mata riga. Mijinta Falalu anka kashe a hanyar Maradun, ya bar ta da ciki, da ɗiya guda, Nusaiba, da gonar albasa bakin ruwan Bakolori. Kwanakin baya, da hantsi, ta haifi namiji a hannuna. Kafin ruwan wanka shi yi zafi, ya koma.

Ƙanen mijin, Sadi, shi yak kawo ƙarar gado. Mutumin da bai raka gawar jinjirin ba, ga shi ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Alƙali ya ce maganar haihuwa shaidar mata biyu take so. Saude maƙwabciya ta riga ta ce ya yi kuka. Saura ni. Ni kuwa na so in burge.

"Allah shi gafarta Malam, kuka? Ai abin da yaf fi kuka ya yi. Atishawa biyu, ras! Har ya kama mani yatsa."

Saude ta mintsine ni a cinya. Na ɗauka murna ce.

"Kukan fa, Iya?"

"Bai samu sukuni ba, ranka shi daɗe."

Alƙali ya daɗe yana duban littafi. Ba mugu ba ne. Na ga ya cire tabarau ya goge. Sannan yac ce jinjiri ba ya gado sai ya ɗaga murya. Da ya yi kuka, da ya gaji ubansa, uwa da Nusaiba su gaje shi, Sadi ya tashi da ɗan gefe. Yanzu kusan rabin gona nashi ne.

"Malam, in sake faɗi?"

"An riga an rubuta, Iya."

Ni ban san ko baƙi guda na karatu ba. Ashe abin da anka rubuta ba ya komawa baki.

*

Ranar rabon gona Sadi ya tsaya kan sai gefen ruwa zai ɗauka, anka ba shi. Taibatu ta ɗaure kayanta za ta koma wajen dangi a Bakura, ta biyo sallama. Na shirya shan zagi.

"Iya, ashe ya kama maki yatsa? Ni ban gani ba."

"Ya kama."

"Wanne?"

Na miƙa mata. Ta riƙe shi, ba ta sake ba har mai babur ɗin da zai kai ta ya gaji da jira.

*

Yanzu duk jinjirin da ya faɗo hannuna, kafin in taɓa reza sai na mintsine shi a cinya, ya tsala ihun da za a ji har zaure. Matan unguwa sun ce tsufa ya sa ni mugunta.