Addu'ar Gidan Dallimore

Tsohon Baturen da kamfanin umara ya damƙa wa Talal bai san yadda ake magana a hankali ba. Sunansa Rupert Dallimore, ko da yake tun da ya musulunta ya ce a riƙa kiransa Haruna. Ko sannu zai yi maka sai ka zaci da mutanen bayan ɗaki yake, don muryar ta saba kaiwa ƙarshen zaure. Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. Kakansa ɗan wasan kwaikwayo ne, ubansa haka, uwarsa haka. Shi kansa bai yi wata biyu a duniya ba aka sa shi a kwando aka hau da shi dandali, saboda kan 'yar tsanar da ake amfani da ita a matsayin jariri ya cire.

"Kuka na yi tun daga farko har aka sauke labule," in ji shi. "Washegari jarida ta yaba mini. Ban sake samun yabo irin wannan ba."

Ya yi sarki, ya yi ɓarawo, ya yi likitan da ke shigowa ya ce mara lafiya ya cika. An kashe shi da takobi, an kashe shi da guba, an shaƙe shi da matashi, a garuruwan Ingila da ko Turawan ba su damu da sunayensu ba. Bai taɓa zama babban tauraro ba. Duk inda ya je abin da ake cewa ke nan, ɗan Dallimore ne, amma bai kai uban ba. Uban ma haka aka yi ta gaya masa game da kakan. Mutane suna son cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai ba su cika tambayar ɗan ko ya ji daɗin gadon ba.

Talal yana jin daɗin aiki da shi. Turancin da ya sha wahalar koyo ya samu inda zai miƙe ƙafa, ga shi kuma Bandar, shugabansa a sashen manyan baƙi, ya ga yadda tsohon ke yabonsa. Ganin Bandar ɗin nan yana da muhimmanci, domin ƙanwarsa Nora ce Talal ke nema, har an fara zancen ranar da manya za su haɗu.

A nan ne kuma igiyar ta ɗaure masa ƙafa. Tun ranar da ya fara aiki, da Bandar ya dubi sunan danginsa ya ce, "Hausawi? Kana jin yaren ke nan?" Talal ya yi dariya ya ce ina, su kam tun zamanin Turkawa kakanninsu suka zo Makka, ba wanda ya san ko kalma ɗaya. Maganar ta fito ne haka kawai, kamar tari. Alhali kuwa kakansa da ƙafa ya taso daga Kano, kuma a gidansu na unguwar Misfala har yau da Hausa ake faɗa, da ita ake shiri. Daga baya gyara ya yi wuya. In Bandar ya kwaikwayi Larabcin 'yan Afirka masu shara a ofis, Talal kan yi dariya tare da kowa. Iyayensa sun koma unguwar Rusaifa, suna iya Larabci tsaf, ya san zai iya roƙonsu su riƙe bakinsu ranar haɗuwa. Sauran dangi kuma, Allah ya kawo dabara.

Ranar da abin ya faru, bayan sallar la'asar ne suka fito daga Harami su uku. Bandar ya biyo su don yana son hoto da tsohon, wai ya taɓa ganinsa a wani shirin talabijin. Rupert ya ce ya gaji da marmara da na'urar sanyi, a kai shi inda mutane suke zaune. Bandar ya ce to ai ga Misfala nan kusa. Talal ya ce akwai cunkoso, akwai rana, akwai hawa da gangara. Ba wanda ya saurare shi.

Suna tafe cikin alhazai, ana ture su ana ba su haƙuri, tsohon ya shiga labarin kakansa.

"Cecil Dallimore. Da shi gidanmu ya yi suna. Bayan yaƙin duniya na farko ya dawo da wani soja ɗan Afirka, Umar, wanda ya zama mai shirya masa kaya. Kakana ya lura da yadda mutumin yake tafiya, yadda yake Turanci, yadda yake buɗe ido in ya firgita. Ya haɗa wasa a kai. Kowane dare Umar ne da hannunsa yake shafa masa baƙin gawayi da mai a fuska, kakana ya fita ya zama Umar, jama'a su yi ta dariya har da hawaye. Yanzu ba a yin irin wannan, na sani. Amma Umar bai taɓa jin haushi ba. Shaidar ita ce, duk dare in ya gama shafa masa, sai ya dube shi ya yi masa addu'a. Addu'ar nan ita ce muka gada. Ubana bai taɓa hawa dandali bai faɗe ta ba. Ni ma haka. Na koya wa 'yata."

"Me take cewa?" in ji Bandar.

Rupert ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya saki muryar nan tasa: "Allah ya isa."

Bai karkata ko harafi ɗaya ba. Kunnen ɗan wasa ne, uba ya miƙa wa ɗa sautin yadda aka ji shi. Wani mutum mai hula zanna da ke wucewa ya waiwayo ya dube su.

"Wani limami a Landan ya fassara mini," in ji Rupert. "Allah, sannan ya Isa. Ka ga kirki? Musulmi ne, amma ya san maigidansa Kirista ne, sai ya haɗa masa da Annabi Isa. Limamin ya ce in daina kiran annabi a addu'a. Na kasa."

"Ya Isa! Masha Allah," in ji Bandar. "Haka ne, Larabci ne."

Talal ya san kalmar tun yana rarrafe. Ita ce abin da ake faɗa in an cuce ka kuma ba ka da ƙarfin ramawa, ka miƙa ƙara inda ba a cin hanci. Ya dubi takalminsa ya ce, "Mu matsa daga rana."

Da sun juya a nan, da shi ke nan. Amma tsohon ya hango wani lungu mai inuwa ya ce nan yake so, kuma lungun nan shi ne wanda Talal ya yi shekaru yana kewaye wa in yana tare da baƙi. A bakin wani tsohon bene, ƙanwar ubansa, Gwaggo Zinariya, tana zaune da tukunyar kunun gyaɗa da tiren masa, alhazan Najeriya suna tsaye suna saye. Ita ta goye shi lokacin da uwarsa ke jinya. Ta ɗago, ta gan shi cikin farar jallabiya da katin kamfani a wuya, ta ga Balarabe da Bature a gefensa, sai ta mayar da idonta kan ludayi. Sun saba haka. Bai taɓa roƙonta ba, ita ce ta gane da kanta.

Daidai nan ƙafafun Rupert suka ƙi. Ya dafa bango, fuskarsa ta yi fari fat. Kafin samarin biyu su yi wani abu, Zinariya ta miƙe ta tura masa kujerarta, ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan sanyi ta goga masa a goshi, ta cika kofi da kunu ta riƙe masa yana kurɓa.

"Sannu, Baba, sannu," take cewa. "Shuwayya shuwayya, a hankali. Wa ya ce a fito da tsoho cikin wannan rana?"

Da numfashinsa ya dawo, ya nemi biya, ta kaɗa hannu ta ƙi. Sai ya miƙe da ƙyar, ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya dube ta ido cikin ido da hawayen godiya, ya ba ta mafi tsadar abin da gidansu ya mallaka.

"Allah ya isa."

Wata Hajiya da ke tauna masa ta tsaya da baki buɗe.

"Me ya ce?" in ji Zinariya. "Ni? Ni ya yi wa Allah ya isa? A ƙofar gidana, da kununa a cikinsa?"

Rupert ya ga ta amsa da ƙarfi, ya zaci ta ji daɗi, ya maimaita, wannan karon har da sunkuyar da kai.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku shaida! Guba na ba shi?" Mutane suka fara matsowa. Wani matashi ya ce Turawa ai haka suke. Bandar yana ta tambaya da Larabci, "Esh fi? Me ya faru? Addu'a ce fa ya yi mata!"

Zinariya ta juyo wurin Talal. Ranta a ɓace yake, amma ko a hakan sai ta sauya harshe, ta yi masa Larabcinta mai ɗingishi, irin wanda ake kwaikwaya a ofis. "Ya ustaz," ta ce, "tambayi baƙonka, me na yi masa?"

Ya ustaz. Matar da ta wanke masa kashi. An zage ta a bainar jama'a, kuma abin da ya fara zo mata shi ne kada ta tona shi. Da ta kira shi da sunan gida, da ya samu wanda zai ji wa haushi.

"Gwaggo," ya ce, muryarsa ta fito ƙarama kamar ta aro. "Ki yi haƙuri. Bai san ma'anarta ba. Ya ɗauka albarka ce."

"A'a," in ji Hajiyar mai masa, "ashe ɗan gida ne!"

Talal bai dubi Bandar ba. Ya ba gwaggonsa labarin Umaru da gawayin a taƙaice, da Hausar Kano tsantsa, sannan ya juya ga Rupert ya faɗa masa da Turanci abin da kalmar take nufi. Bai sassauta ba, don in ya fara sassauci bai san inda zai tsaya ba.

Tsohon ya koma ya zauna a kujerar ba tare da an ce ya zauna ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Kowane dare," ya ce, kuma a karon farko sai da Talal ya sunkuya kafin ya ji shi. "Yana shafa masa, yana faɗa masa a fuska. Mu kuma muna ta maimaitawa. Na faɗe ta a kan kabarin ubana. Na faɗe ta jiya a gaban Ka'aba." Ya ɗago. "Tambaye ta, me ake yi in an yi maka ita?"

Talal ya fassara. Zinariya ta riga ta huce, tana kallon Baturen kamar yadda ake kallon yaron da ya fasa tulu ya yanke ƙafa.

"Ana zuwa wurin mai ita a ce ya yafe," ta ce. "Ina Umarun?"

"Ya rasu tuntuni."

"To ni ba ni aka kwaikwaya da gawayi ba, ba zan yafe abin wani ba. Masu cewa da ka zo Makka an wanke ka tas, su tambayi malamai ko har da haƙƙin mutane. Ya yi wa mutumin addu'a, ya yi sadaka da sunansa. Ya kuma gaya wa 'yar tasa ta bar jawo wa kanta." Ta ɗauki kofin ta ɗauraye. "Nawa dai na yafe. Ya ƙara kunu?"

Rupert ya karɓi kofi na biyu, ya riƙe shi da hannu biyu bai sha ba.

Bandar ya ja Talal gefe. Ba ya cikin fushi, abin da ya fi muni ke nan.

"Wace ce?"

"Ƙanwar babana. A benen nan aka haife ni."

"Duk ranar da nake kwaikwayon mutanen nan a ofis, kana tsaye kana ji."

"Ina ji."

"Ka bar ni ina yi." Bandar ya shafa gemunsa, ya dubi tsohuwar, ya kawar da kai da sauri. "Zan kai Haruna masauki da kaina. Zancen Nora kuma, ni zan gaya mata abin da na gani, kafin ka tsara mata. Ba yaren ne zai dame ta ba, ka san halinta."

Ya je ya gaida Zinariya, ya kira ta hala, wato inna da Larabci, ya kama hannun tsohon suka nufi bakin titi a hankali. Rupert ya waiwayo ya ɗan rusuna mata.

Talal ya rage a tsaye, alhazai suna satar kallonsa. Ya buɗe baki zai fara ba da haƙuri, Zinariya ta katse shi.

"Ɗanlami, ajiye jawabin. Kunu ya ƙare, gwiwata kuma ba ta son matakala. Ɗauki tukunyar nan ka kai sama."

Gindin tukunyar baƙi ne ƙirin. Ya dubi jallabiyarsa, ya rungumi tukunyar a ƙirji, ya bi bayanta. Tana hawa tana hutawa, shi kuma yana jiranta a kowane mataki.